Wuyan Lonnie Tackett

Da hannun hagu Lonnie Tackett ya koyi ɗaure igiyar takalmi, domin na dama ya daina jin maganarsa tun ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata. Jijiya ce ta maƙale masa a wuya, ƙaramin aiki, in ji likita. Sai dai likitan ya buɗe gaɓar da lafiyarta ƙalau, ya bar mai ciwon, a hanya kuma ya taɓa abin da bai kamata ba. Yanzu Lonnie yana yawo da farin abin tallafe wuya, ba ya iya waiwaye sai ya juya jiki gaba ɗaya.

Wani likita a babban birni ya ce zai iya ceto hannun in aka yi sauri. Kamfanin inshora ya ce ba da shi ba. In ba a samu diyya ba, sai dai a sayar da gida, ɗan gidan nan da matarsa Darlene ke yawan cewa aikin yini guda ne ya biya musu kafin alƙalaminsa.

"Mutumina!" in ji direban bas, yana kashe masa ido. "Har yanzu wuyan bai warke ba?"

Lonnie ya ja hularsa ƙasa, ya wuce kujerar baya.

Shekarun baya mutanen jihar suka jefa ƙuri'a, suka sa wa diyyar da ake biyan majinyaci iyaka. An yi musu alkawarin cewa da zarar an toshe bakin masu kai likitoci kotu, kuɗin asibiti zai sauko. A lokacin ba ka buɗe talabijin ba ka ci karo da tallan dokar ba, har yara sun haddace kiɗansa. Dokar ta wuce da gagarumin rinjaye. Kuɗin inshorar su Lonnie kuwa ya ci gaba da hawa, kamar labarin bai kai gare shi ba.

Lauyoyin garin ba sa karɓar ko sisi sai an ci shari'a, saboda haka suna zaɓen ƙara kamar mai zaɓen kankana. Lonnie bai taɓa riƙe aikin albashi ba. Yau fenti, gobe dillancin mota, jibi duk abin da ya samu. Mutumin da ba shi da albashin da zai ce ya rasa, ciwo kawai gare shi, ciwo kuma doka ta riga ta yanke masa farashi. Wannan lauya ya ba shi haƙuri, wancan ya ba shi kofi da haƙuri. Ɗaya ma ko wurin zama bai nuna masa ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya fashe da dariya, ya ce, "Faɗa min gaskiya, cikin abokaina wa ya turo ka?"

Wata lauya, Madam Ybarra, ita ce ta karanta takardunsa har ƙarshe. Ba ta daɗe da ƙaurowa jihar ba, ofishinta har yanzu warin fenti yake yi.

"Mista Tackett, ban taɓa ganin ƙara mai tsabta kamar wannan ba," ta ce. "Hoton ƙashi ya nuna komai, ma'aikaciyar jinya ta yarda za ta ba da shaida. Ko da wannan dokar taku, abin da za a samu zai ishe ka aikin hannun."

A ranar Darlene ta gasa kaza, ta kira ƙanwarta a waya tana kuka. "Tsohona, gidanmu ya tsira," ta ce masa. Lonnie ya ci kaɗan.

Madam Ybarra mace ce da ba ta shiga kotu da ka. Tunda mutanen gari goma sha biyu ne za su yanke hukunci, sai ta ɗauko irinsu daga titi ta gwada ƙarar a kansu tukuna: mai gyaran famfo, malamar makaranta mai ritaya, direban babbar mota da sauransu. Ta ajiye Lonnie a ɗakin da ke kusa, ta ba su labarin ba tare da suna ba. Ta bango Lonnie yana jin malamar tana jan hanci. Direban ya bugi tebur ya ce likitan nan gidan yari ya dace da shi.

Sannan ta buɗe ƙofa ta ce, "Bismillah, shigo su gan ka."

Lonnie ya shigo. Mai gyaran famfo ne ya fara, wata 'yar dariya ta hanci, sai ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Malamar da ke kuka ɗazu ta rufe baki da hankicinta, kafaɗunta suna rawa.

"Haba Madam, kin iya shiri!" in ji direban. "Saura ƙiris in yarda."

"Me ya faru?" ta tambaya. "Me ke ba ku dariya?"

Direban ya latsa wayarsa ya miƙa mata. Lonnie bai matsa ya leƙa ba. Kiɗan kaɗai ya ishe shi, ya riga ya fara tunanin yadda zai gaya wa Darlene ta kira dillalin gidaje.

A fuskar wayar, tsohon tallan dokar ne, aikin yini gudan nan: wani mutum ne ke saukowa daga matakalar kotu da farin abin tallafe wuya, yana nishi. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya fizge abin ya yi cilli da shi sama, ya rungume jakar daloli ya kama rawa, rubutu yana bin ƙasa: Ku jefa ƙuri'a ku tsayar da irinsu. Gashin kansa ya fi na yanzu baƙi, amma wuyan na Lonnie Tackett ne, yana juyawa son ransa.