Ludayin Muna

Manzo ya kira gayya, amma har rana ta take babu wanda ya leƙo gonar. Tun da ya dawo daga Dahome, inda ya yi wa sojan Faransa dako, ya ce shi mabiyin Almasihu ne, garin Kurfai kaf aka daina cin ƙwarya ɗaya da shi.

Yana cikin noma shi kaɗai sai ga Muna, yarinyar da yake nema, ɗauke da ƙwaryar fura. Ta durƙusa, ba ta dube shi ba.

"Baba ya ce ka taho Juma'a gaban liman ka tuba. In ka taho, ranar za a ɗaura muna aure."

"In ban taho ba hwa?"

Ta ɗan jima tana juya ludayi cikin ƙwaryar.

"Yaya Manzo, baki ne kawai. Ka hwaɗi, zuciyarka taka ce."

Ya daɗe yana kallon zanen kumatunta.

"Wanda nike bi, Muna, ba a musun shi da baki a ɓoye shi a zucci."

Ta miƙa masa ludayin. Ya sha, ya sake sha. Rabonsa da a miƙo masa abu hannu da hannu tun bara. Da ya mayar mata, sai ta janye hannunta, ta ɗora ƙwaryar a ka, idanunta cike da ƙwalla.

"Riƙe shi," ta ce. "Ka sa mai baki. Ba shi komawa gidanmu."