Fitilar Mai Daddawa

Ranar da aka buɗe sabuwar gada, Tabawa mai daddawa ta sauke tallarta, ta ɗora tafinta a kan ƙarfen gadar kamar kowa.

"Sannu, Tabawa," in ji gadar. "Harajin daddawarki ne ya kafa fitilar nan."

Fitilar ta kama da rana tsaka. Tabawa ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ni ɗin?"

"Ta gaba kuma ta ɗanki Haladu ce," in ji gadar.

Ɗan farinta ke nan, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba. Tun yana saurayi ya bar gida, shiru.

"Yaron nan yana raye?"

"Yanzun nan ya wuce, Inna."

Tabawa ta bar daddawar a ƙasa, ta kutsa cikin jama'a tana ƙwala kiran Haladu.