Mai Kula da Jerin Saƙonni

Yanzu kowane saƙo a Azare sai ya bi jeri kafin ya isa, daga neman ruwan famfo har kiran likita. Manhajar da ke jera su kyauta ce, kuma Inna Talatuwa ke kula da ita daga ɗakinta.

Da hantsi Sabo direban asibiti ya shigo yana haki. "Inna, mun nemi jini don wata mai haihuwa, saƙon bai isa ba."

Ta duba kwamfutarta. "Wani saƙo ne ya maƙale ya tare sauran. Sai na tsayar da jerin in gyara."

Tana dannawa, famfon tsakar gida ya ɗauke, motocin titi suka tsaya cak, wayoyin maƙwabta suka yi tsit. Sabo ya ji kukan kurciya tun daga bakin kasuwa.

Da ta gama gyaran, gari ya farfaɗo. Wayarsa ta yi ƙara: jini na hanya.

"Inna, ran da ba kya nan fa?"

"Rubutun manhajar a buɗe yake, Sabo, kowa na iya koyo ya karɓe ni. Har yau ba wanda ya zo."