Kaset Ɗin Bulala Arba'in

Ranar da hukuma ta sauke waƙata daga intanet, wai mace ba ta rera waƙa ita kaɗai, Baba ya ɗauko tsohon kaset ɗinsa na kiɗan rok, irin na Turawa. A kan kaset ɗin nan ya sha bulala arba'in a nan Tehran, yana saurayi.

Kullum gorinsa ɗaya: "Mu kiɗanmu gwamnati yake firgitawa. Naku sai tallan sabulu!"

Ya liƙe ramin kaset ɗin da salatif don ya ɗauki sabuwar murya.

"Baba, waƙoƙinka za su goge fa!"

"Na haddace su, 'yar nan. Gadon bayana ma ya haddace."

Ya saka kaset ɗin a rikoda, ya matso min da ita.

"Rera. Na daɗe ban samu abin ɓoyewa ba."