Makarantar da Auta Ta Zaɓa

Auta ce ta riga mahaifinta shiga harabar makarantar, tana tsalle kamar wadda aka yi wa albishir. Tun da ta ji nan zai zo ta nace sai ta biyo shi, shi kuma bakinsa ya yi nauyi, ya kasa hana ta.

Bana za ta gama firamare. Makarantun sakandaren da ake yayi duk suna ƙetaren gada, inda hayar ɗaki ɗaya ta fi ƙarfin direba irinsa. Yanzu tsadar ta ƙetaro unguwarsu, maƙwabta sai tashi suke ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya daɗe a zaune ba aiki, sai makon nan Allah ya kawo wani.

Wannan makarantar kaɗai Auta za ta iya zuwa da ƙafa. Mutane sun ce tauraronta ya dushe, masu hali duk sun janye 'ya'yansu. Auta ta ce ta ji ta gani, ai a nan marigayiya mahaifiyarta ta yi karatu.

Shugabar makarantar ta amsa gaisuwarsa a daƙile. Da ta ga yarinyar kuwa, sai jikinta ya yi sanyi, ta kama hannunta suka shiga zagayawa.

Shi yana biye da su. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tsaya ya ƙare wa faɗin ƙofar shiga kallo.

"Baba, ka ga ajin nan? Kusa da taga zan zauna!"

"Na gani, Autata."

"Amma ina kujerun?"

Shugabar ta kau da kai, ta goge ido da bakin mayafi. Sai da Auta ta ruga leƙa ɗakin karatu sannan shugabar ta dube shi.

"Ba ta sani ba?"

Ya girgiza kai. "In na ƙi, Malama, a titi za mu kwana."

A hanyar gida Auta ta saƙala hannunta cikin nasa, tana ta lissafa ƙawayen da za ta yi.

"Baba, yaushe za mu dawo?"

"Ni zan fara dawowa," ya ce.

Bai yi mata ƙarya ba. Ranar Litinin zai dawo, a kan motar rusau da kamfanin gina gidaje ya ɗauke shi ya tuƙa.