Hatimin Baba

Ina da shekara tara muna zaune a Aziziya, a Riyad. Wata la'asar Baba ya zo gida da takardun kafilinsa, Balaraben da yake wa aiki, da hatimi mai warin tawada. Sunayen leburorin da suka gudu yake buga wa hatimi, a miƙa wa hukuma ta kamo su.

Talabijin na nuna tarihin wani jami'in Jamus na zamanin 'yan Nazi. Daga ƙaramin akawu ya kai darakta, bai taɓa riƙe bindiga ba. Sunayen waɗanda za a kai sansanin mutuwa yake sa wa hannu.

Cikin alfahari na ce, "Baba, irin aikinka!"

Hannunsa ya tsaya cak. Takardar Malam Isa ce a gabansa, mutumin Maraɗi da ke kawo min mangwaro.

"Je ki taya Ummanki aiki," ya ce a hankali. Ina fita na ji saukar hatimin.

Sai da na girma na gane iƙamarmu duka, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, a hannun kafilin take. Har Baba ya rasu ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa cewa ƙarya na yi ba.