Ranar da Akawal Ya Nemi Kwanciya

"Kada ki bari ya kwanta." Abin da Baba ya faɗa ke nan da ya danƙa mini ragamar Akawal, baƙin dokin da yake hawa zuwa garin Lau in jirgin ruwan Turawa ya kawo gishiri. Da azahar dokin ya farke buhun dusa ya ci, cikinsa ya kumbura, yana ta tonon ƙasa yana waiwayen kwiɓinsa.

Na ce, "Baba, ai ya gaji."

"In ya yi birgima hanjinsa zai murɗe. Ja shi!"

Baba ya ɗura masa ruwan kanwa da kwalba. Na yi ta zagaya gindin tsamiya da shi, ƙasa tana ƙona mini ƙafa, warin kanwa da gumin doki sun cika mini hanci. Da gwiwarsa ta lanƙwashe sai in ƙwala ihu. Wajen la'asar ya saki kashi, Baba ya yi hamdala kamar an yi masa haihuwa.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da Baba, kowa ya zauna jugum. Ni na kasa. Hannunsa na kama ina ja, ina cewa, "Baba, tashi mu zagaya."